Ranar da Gumakan Turanci Suka Kai Ni Ƙofar Bulama

Ni dai karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, kuma kar wani ya ɗora wa rikici laifi. Tun kafin a fara harbe-harbe ni da makaranta mun yi sallama, ba faɗa ba zagi. Abin da na iya a duniya shi ne surutu. Mahaifiyata takan ce da a ce ana ɗaukar mutum aiki saboda baki, da tuni ni ne gwamna.

A shekarun da Maiduguri ta rikice, cajin waya nake yi. Teburina yana bakin shagon wani ɗan Ibo a Lamisula, mai sayar da kayan wuta, su ƙwan lantarki da soket da tocila. Da janaretansa nake aiki. Duk layin Oga muke ce masa. 'Yan'uwansa da yawa sun tattara sun koma gida, shi ma ya tura matarsa da yara, amma shi ya ƙi motsi. Ya ce a garin nan ya yi gemu, a nan zai yi furfura. Yana jin Hausa sosai, sai dai namiji da mace duk ɗaya ne a bakinsa, kamar kakata in ta bar Kanuri ta shiga Hausa. A nan zan riƙa gyara masa ita don kar ku sha wahala.

Da aka ɗauke sabis ɗin waya a garin gaba ɗaya, kasuwata ta kwanta. Wa zai yi cajin wayar da ba ta kira? Sai masu haska hanya da ita, da masu jin waƙa. Muka koma zaman kallon titi, ni da Oga, shi a kujerarsa ta roba ni a kan jarkar mai.

Wata rana da hantsi tayar wata tifa ta fashe a bakin titi. Wanda bai zauna garin nan a lokacin ba, ba zai gane ba. Kafin ƙarar ta gama sauka layin ya watse. Mai lemo ya bar baronsa, mata suka zubar da cefane, wani ya shige shagon tela ya ja ƙofa ya rufe telan a waje. Ni kuwa ban san lokacin da na tsinci kaina a cikin kwata ba, ruwan wanke-wanken unguwa har gwiwa. Da aka gane taya ce, kowa ya riƙa fitowa yana kakkaɓe riga yana cewa shi dama bai gudu ba.

Na fito ina ɗiga, na tarar da Oga a ƙarƙashin kantarsa. Ya leƙo ya kalle ni, ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "Yaro, ka san sunan abin da ya same mu da Turanci?"

Na ce, "Gudu."

Ya ce, "Panic. Ka san daga ina kalmar ta zo?"

Na ce, "Daga Ingila mana, Oga. Daga ina kake so ta zo, Gamboru?"

A nan ya ba ni labari. Wai mutanen Girka na zamanin da suna da wani abin bauta da suke kira Pan, sama mutum ƙasa akuya, har da ƙaho. A daji yake zama. In aka tashe shi daga barci sai ya kurma ihu, garken dabbobi da makiyaya su watse ba wanda ya san abin da yake gudu. Daga sunansa aka samo kalmar.

Na ce, "Oga, wannan mutumin ai ya baro Girka. A bayan layinmu yake haya."

Ashe Oga ba haka ya faɗo cikin sayar da soket ba. Makarantar koyon aikin fada na coci ya yi, inda ake dura musu tsofaffin harsunan Turawa. Saura kaɗan a ba shi farar riga ya haɗu da matarsa ya ce ya fasa. Labaran kuwa suna nan cike da kansa, ba mai tambaya. Ni kuma ga ni ba aiki. Daga ranar kullum sai na tatse shi.

In motar sojoji ta wuce da jiniya, sai ya ce siren, wasu mata ne a kan duwatsu a tsakiyar teku, suna waƙa mai daɗi, masu jirgin ruwa su bi muryar su je su halaka. Na ce to an ci amanar matan nan, wannan kukan ba wanda zai bi shi. In an ji ƙarar fashewa daga nesa, unguwa ta rabu biyu, wasu su rantse daga Shehuri ne wasu su ce daga bayan gari, don ƙarar tana dukan gine-gine ta dawo. Oga ya ce wannan echo ne, wata yarinya ce mai shegen surutu aka tsine mata, ba ta iya fara magana sai dai ta maimaita ƙarshen ta wani. Da ya faɗi wannan ya daɗe yana kallona. Na yi kamar ban gani ba.

Har watanni bai bari ba. January wani ne mai fuska biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. March na yaƙi ne. Cereal da ake rubutawa a gwangwanin abincin jarirai, sunan uwar hatsinsu ne. Ban taɓa riƙe karatu kamar yadda na riƙe waɗannan ba, don ina da wanda zan kai wa.

Akwai wani abokina, tare muka taso, muna ce masa Farfesa. Ya gama sakandare yana jiran jami'a, kuma Allah ya jarabce mu da shi. Ba ya iya neman sukari a shayi sai ya haɗa da Turanci. Kullum a teburin mai shayin kan kwana, bayan la'asar kafin dokar hana fita ta kore mu, sai ya gyara mini magana a gaban mutane. Na daɗe ina neman ranar ramuwa.

Rannan benci ya cika. Farfesa ya fara, wai sai January za a buɗe musu makaranta. Ban san abin da ya ɗaga ni ba, na ga dai na hau kan benci. Na naɗa tsumman mai shayi a kai, na ɗaga yatsa sama, na shaƙe murya irin ta masu wa'azi.

"Ya ku jama'a! Kun ji abin da ya fito daga bakin wannan bawan Allah? January! Wallahi gunki ya kira, mai fuska biyu! Ku tambaye shi in ya sani. Shekara da shekaru ubansa yana tura shi boko, ashe sunayen gumaka ake dura masa! Watansu gunki, abincin jariransu gunki, ko tsoro suka ji sai sun ambaci mai ƙafar akuya! Ina ilimin yake? Ku gaya mini, ina ilimin?"

Wuri ya kaure da dariya. Mai shayi ya riƙe ciki. Farfesa yana cewa ƙarya ne, ina jero masa su ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen benci akwai wani dattijo baƙo, cikin mutanen da suka gudo daga ƙauyuka. Na ga ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki ya tashi ya tafi. Ban kawo komai a raina ba. Na kwana ina jin daɗin kaina.

Washegari ina jera soket a teburi, Oga bai ma iso ba, sai ga 'yan gora. Su ne samarin unguwa da suka gaji suka ɗauki sanduna da adduna suna zaƙulo yaran daji, wato 'yan bindigar da suka rikita garin, daga cikin mutane. Duk na san su. Shugabansu wani ƙato ne mai facin taya a bakin titinmu, kullum sai na tsokane shi.

Na ce, "Kwamanda, caji ne? Yau kyauta ne ga jami'an tsaro."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Taso."

Yadda ake yi a lokacin kowa ya sani. In an kai ƙararka, ƙofar Bulama mai unguwa ake fara kai ka. In ya ce ya san ka kuma ya tsaya maka, ka koma gida. In ya yi shiru, akwai motar da ke zuwa ta kai ka wurin sojoji, daga nan kuma sai uwarka ta shiga yawon tambaya. Na san gidaje a layinmu da har lokacin ake wannan yawon.

Muna tafe ina ta lissafin abin da na yi. Sai da na hango dattijon nan zaune a gefen tabarmar Bulama, sannan na gane. Ai haka yaran dajin nan suka fara, shekarun baya. A kan benci, a bakin masallaci, yatsa sama, boko kafirci ne. Muna yara muka ga manyan samari suna yaga takardun shaidarsu. Na san wannan sarai. Bakina ne dai ya riga kaina isa.

Aka zaunar da ni a ƙasa. Wani yaro da na taɓa koya wa buga ƙwallo ya cire mini riga, suka duba kafaɗata ko akwai shatin igiyar bindiga, suka duba yatsuna. Ya ce, "Ba komai, Kwamanda, ƙashi ne kawai." Da wata rana ce da na ba shi amsa.

Bulama tsoho ne mai magana a hankali. Ya san mahaifina kafin ya rasu. Ya kira sunana ya ce, "Tada, an ce jiya ka yi wa'azi."

Na ce, "Baba, wasa ne. Farfesa nake tsokana."

"Ka ce boko gumaka ne?"

"Na ce, amma ba haka nake nufi ba."

"Sunayen da ka jero, ƙirƙirar su ka yi?"

"A'a, Baba, gaskiya ne akwai su."

Kwamanda ya ce, "Kun ji ko? Wasa ne, kuma gaskiya ne. To kai da ko aji uku ba ka gama ba, wa ya karantar da kai? Wannan ba maganar kanka ba ce. Wa kake zama da shi?"

A nan na maƙale. In na ce Oga, yanzu za a je a taso shi, baƙo, Kirista, shi kaɗai ba kowa nasa a garin, a zaunar da shi a ƙasa a ce yana koya wa yaran Musulmi gumaka. Ko an sake shi, maganar za ta zaga, kuma ba 'yan gora kaɗai ke da kunne a unguwa ba. Na ce, "A hanya na tsinta."

Kwamanda ya ce, "Wace hanyar?"

Na yi shiru. Duk wanda ya san ni ya san shiruna ya fi maganata ban tsoro. Na ga Bulama ya sauke kai yana jan carbi. Wani daga cikin samarin ya matsa bakin titi yana leƙen mota.

Sai ga mahaifiyata, mayafi a karkace, hannunta duk garin tuwo. Ba ta ko kalle ni ba. Ta durƙusa ta gaida Bulama da Kanuri, ta shiga magana da sauri, rabi Kanuri rabi Hausa. Ta ce yaron nan ko sallar asuba sai ta watsa masa ruwa, ta ina zai yi wa'azi? Ta ce in hauka laifi ne a ɗaure shi, ita ma ta huta, amma kar a sa shi a mota. Muryarta ta karye a kan kalmar mota. Ban taɓa jin ta haka ba.

Bulama ya ce, "Na ji, 'yata. Amma ya ƙi faɗin malaminsa."

"Ga malaminsa nan."

Muka juya. Oga ne, da makullan shago a hannu, yana haki. A bayansa Farfesa, wanda na wulaƙanta jiya. Ashe da ya ga an tafi da ni, gidan Oga ya ruga, don shi ya san inda nake wuni.

Oga ya cire takalmi ya durƙusa kamar ɗan gari. Ya ce, "Baba, ni na gaya masa. Zaman banza ne ya yi mana yawa. Tatsuniyoyin mutanen da ne, sun mutu tuntuni, ba mai bauta musu yanzu, ko mu a coci ba ruwanmu da su. Sunayen ne kawai suka maƙale a cikin Turanci. Ban san zai kai su teburin shayi ya hau benci ba. Da na sani da labarin janareta na ba shi."

Kwamanda bai gamsu ba. Ya ce, "Oga, muna ganin girmanka. Amma ni ban taɓa jin wannan ba. Kana nufin duk mai yin Turanci yana kiran gunki bai sani ba?"

Oga ya ce, "Me aka rubuta a allon da ke wurin facinka?"

"Vulcanizer."

"To shi ma. Maƙerin gumakan Romawa ne, Vulcan, mai aiki da wuta. Daga sunansa aka samo."

Yaron da ya duba kafaɗata ya fara dariya, ya toshe baki da hula, sauran suka kama. Kwamanda ya kalli wannan ya kalli wancan, ya ce, "To ni ma sai ku cire mini rigar ke nan." Har Bulama sai da gemunsa ya motsa.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, dattijon nan. Kuma maganar a hannunsa take, don shi ya kawo ƙara. Bulama ya juya wurinsa ya ce, "Malam, ka ji. Me ka gani?"

Dattijon ya ce a garinsu ma wani yaro ne, sa'ana, ɗan maƙwabcinsa. Ranar kasuwa ya hau kan turmi ya faɗi kusan abin da na faɗa, har ɗaga yatsan. Suka ce yaro ne, a bar shi. Bai ƙarasa labarin ba, ba kuma wanda ya nemi ya ƙarasa. Ya ce ya yi wa kansa alkawari in ya sake jin irin wannan ba zai ce yaro ne ba.

Farfesa ya ce, "Baba, amma ai ka ji kowa yana dariya jiya. Har ni da ake zagi."

Dattijon ya ce, "Ban ji ba. Daga ya hau bencin nan ban ƙara jin komai ba sai muryar wancan."

Ya juyo ya dube ni sosai, karo na farko. Ni ba riga, ƙura har wuya, ga majina. Ya ce, "Kai, ka yarda da abin da ka faɗa?"

Na ce, "Baba, ni haushina ɗaya, Farfesa ya fi ni Turanci."

Ya girgiza kai. Ya ce wa Bulama, "Wancan da aka tambaye shi haka, ido cikin ido ya ce e. Wannan sakarai ne kawai. Ku ba uwarsa abinta."

Wallahi ba a taɓa zagina na ji daɗi irin na ranar ba.

Bulama ya ce ya tsaya mini. Amma ya yanke hukunci: ba ni ba hawa benci, ba ni ba kwaikwayon wa'azi, kuma zan riƙa share bakin masallacin unguwa da safe har sai ya ce ya isa. Ya gode wa dattijon a gaban kowa, ya ce abin da ya yi shi ne daidai, gobe ma in ya ji ya zo ya faɗa. Ya juya wurin Oga ya ce masa ya ci gaba da sayar da soket ɗinsa, labari kuma ya riƙa duba wanda zai ba. Kwamanda ya wurgo mini rigata ya ce, "Ɓace mini, gunki kawai."

Motar ta zo kuwa, muna kan tashi. Ta tsaya, direba ya leƙo, Kwamanda ya ɗaga masa hannu ya ce ba kowa yau. Na bi ta da kallo har ta sha kwana. Sai a lokacin na jingina da Farfesa, ya riƙe ni. Na ce masa na gode. Ya ce da Turanci zan faɗa ko ya sake ni. Na faɗa, ya gyara mini.

Oga ya tafi buɗe shago, ya ce kar in zo yau, in je in zauna da uwata. Ita kuwa tana gaba ina baya har gida. Mutanen layi suna ta yi mana barka, tana amsawa ba ta tsayawa. Muna shiga ta rufe ƙofa ta zauna a ƙasa daɓas a tsakar gida, ta rufe fuska da mayafi. Tuwon da ta bari a wuta ya kama, gida duk ƙauri.

Na tsaya ban san abin yi ba. Na je na sauke tukunyar, na ɗebo ruwa a moɗa na kawo mata. Ta sha, ta watsa mini sauran a fuska. Ta ce tun ina ciki ta san zan wahalar da ita, don ko a cikin ban bar ta ta yi barci ba. Ta zage ni da Hausa, Hausa ta ƙare ta koma Kanuri. Na zauna kusa da ita ina cewa haka ne, haka ne. Da ta gaji ta kama kunnena ta murɗa, ba ta saki ba, ta bar hannunta a nan.

Can ta ce, "Ka ci wani abu da safe?"

Na ce a'a.

Ta tashi ta kankare abin da ya tsira daga tuwon, ta zuba miyar kuka ta turo mini. Ƙauri har maƙogwaro. Na cinye tas, na nemi ƙari.